Abin da Ke Son Iska da Abin da Ba Ya So: Zaɓen Mazubin Kaya a Ƙasar Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta rabu da irin ranin da sauran ƙasar Kano ta sani. Ruwa na biyo kanal ya ratsa Kadawa ya watsu cikin gonaki, a girbe shinkafa a dasa tumatir, a yanke alkama a shuka masara, gona ba ta hutu. Alherin ruwan nan a bayyane yake ga duk wanda ya bi titin Zariya ya ga injinan casa da motocin dako. Sai dai ruwan da ke raya gona bai san inda iyakar gona take ba. Yana kwance kurkusa a ƙarƙashin ƙasa, yana hawa gindin katanga a hankali. Wanda gidansa ke kusa da kanal ko fadama ya san jirwayen nan da ke zagaye bango kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ya san farin gishirin da ke fesowa ya ɓamɓare filasta, ya san warin da ke tarar mutum idan ya buɗe ɗakin ajiya a watan Agusta.

Shi ya sa a yankin nan abin zuba kaya ba a zaɓensa da ka, ko tashi za ka yi daga wani gida zuwa wani, ko jere za ka yi wa 'yarka, ko kuwa amfanin gona za ka adana har farashi ya yi kyau. Kafin ka sayi ko da buhu ɗaya, ka tsaya a kan kowane kaya ka tambayi kanka: wannan iska yake so, ko so yake a hana shi iska? Wake da masara da alkama da busasshiyar shinkafa, toshe su ake yi ruf. Albasa da tumatir da kayan fata da duk abin da bai gama bushewa ba, shan iska suke bukata. Mafi yawan asarar da ake yi a gidajenmu daga juya wannan amsa take fitowa: a ƙunshe albasa cikin leda ta ruɓe, a bar wake cikin buhun da iska ke ratsawa ƙwari su mayar da shi gari.

Mu fara da hatsi, don shi ya fi ciwo idan ya lalace. Babu mazubin da zai gyara abin da bai bushe ba, kuma wannan ya fi shafar shinkafar rani, wadda girbinta ke faɗowa daidai lokacin da hadari ya fara haɗowa. Ta damina ana yanke ta iskar kaka na busawa, kwana kaɗan a kan tamfol ta yi ƙarau. Ta rani kuwa sai an yi ta fama da ita, a baza da safe a kwashe da la'asar, wani lokaci ma a kwashe da gudu. Masana ajiyar amfanin gona sun tsayar da cewa kada danshin shanshera ya wuce kashi 14 cikin 100, wadda za a toshe kuwa ko a ajiye don iri gara ya sauka zuwa 12 ko 13. Ba kowa ke da na'urar awon danshi ba, amma kowa na da haƙori. Ka ɓare ƙwaya ka ciza: idan ta ce ƙas ta rabu biyu, ta bushe, idan ta lotsa ko ta danƙare a haƙori, da sauranta.

Akwai kuma gwajin gishiri, wanda ya fi cizo tabbas. Ka samu kwalba busasshiya mai murfi, ka zuba hatsin ya kai kashi ɗaya cikin uku na cikinta, ka ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da ka riga ka busar a rana ko a kasko. Ka rufe ka jijjiga minti ɗaya, ka ajiye ta kamar kwata na awa, ka sake jijjigawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba ya yi dabbare-dabbare, hatsin na ɗauke da ruwa, a mayar da shi rana. Idan ya zube ƙasa warwas ya bar kwalba fes, to an kai. Bayan haka kada a zuba shi da zafinsa. Hatsin da aka kwaso daga rana tsaka a bar shi ya huce a inuwa tukuna, in ba haka ba zai yi gumi a cikin mazubi, ruwan da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Ga wanda ya bushe, ban ga abin da ya kai buhun nan mai riɓi uku ba, wato buhun PICS. Asalinsa binciken Farfesa Larry Murdock ne na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincike na arewacin Kamaru, tun ƙarshen shekarun 1980, a kan ƙwaron wake. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro ke yin sa. Ledoji biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje da ke ɗaukar wahalar ɗauka da saukewa. Ba magani a cikinsa ko kaɗan. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Idan ka ɗauki ƙwayar wake ka duba da kyau za ka ga ɗan farin ɗigo manne a bayanta, ƙwan ke nan, kuma cikin kusan wata guda ya zama uwa mai yin nata ƙwan. Idan aka ɗaure ledojin nan, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Tunda aikinsa gaba ɗaya a kan hana iska ya tsaya, huda ɗaya ta isa ta ɓata shi. Don haka a gaban mai sayarwa za ka zare ledojin, ka kaɗa kowace ta cika da iska, ka shaƙe bakinta da hannu ka danna cikinta da ɗaya hannun. Idan tana saɓewa ko ka ji iska na fita ta gindi, ka mayar masa. Wajen zubi, ka fara zuba kwano biyu ko uku a ledar ciki don ta zauna, ka saka ta cikin ta biyu, ka saka su cikin buhun saƙa, ka naɗe bakunansu waje, sannan ka ci gaba da zubawa kana girgizawa don kada a bar rami. Ka tace tsinke da tsakuwa da guntun kara, su ne ke huda leda daga ciki. Kada kwaɗayin cikawa ya sa ka rasa wuyan ɗauri. Ka bar kamar kamu guda. Ka matse iskar da ke saman ledar ciki, ka murɗe wuyanta, ka lanƙwasa shi biyu ka ɗaure da igiya. Ka yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na waje. Kowanne da ɗaurinsa. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri guda, sun sayi buhu mai tsada sun yi aikin buhun taki da shi. Basilla kuwa ba ta da hurumi a nan.

Wani abu da ake yawan mantawa: buhun nan ba na ɗiban yau da gobe ba ne. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. Uwargida ta ware abin da za a ci na wata ɗaya ko biyu a wani mazubi dabam, a bar manyan a ɗaure. Ita shinkafa ma gara a ajiye ta shanshera a riƙa kai wa inji kaɗan-kaɗan, don ɓawonta kariya ne. Gyararriya ta fi saurin kama ƙwari da sauya ɗanɗano.

Alkama ta fi kowa bukatar wannan kulawa. Ana girbe ta wajen Maris, ba za a shuka ta ba sai tsakiyar Nuwamba idan sanyi ya sauko, wato damina sukutum za ta ratsa a ɗaki. Manomin da ya bar irinsa a buhun saƙa ya san yadda yake tarar da shi: rabi ƙaiƙayi, rabi ƙwaro. Ƙananan iri irin na albasa da tumatir da tattasai kuwa kwalba mai murfin murɗi ta ishe su, a rubuta suna da watan da aka zuba a jiki, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Irin albasa dai ko an yi masa gata ƙarfinsa raguwa yake sosai bayan shekara, kada a dogara da na bara waccan.

Duro da jarka su ma aikin hana iska suke yi, har sun fi leda ta wajen ɓera. Jarka mai lita 25 tana cin wake kusan kilo 20, duro mai lita 200 kuma wajen kilo 150. Sharaɗinsu a cika su maƙil, don rabin duro rabin iska ne, ƙwari za su daɗe suna shagali kafin ta ƙare. A shimfiɗa 'yar leda a bakin kafin a murɗa murfi, a ajiye su a inuwa, musamman duron ƙarfe da ke ɗaukar zafi da rana ya huce da dare har ya yi gumi ta ciki. Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne tarihin mazubin. Idan ka je Ƙofar Ruwa ko Singa ko Ƙofar Wambai, ko nan kasuwar Kura, ka tambayi mai kaya kai tsaye: "Alhaji, me ya zo a cikinsa tun asali?" Idan ya ce maka, "Ai an wanke shi tas, Malam," ka sani bai amsa tambayarka ba. Ka buɗe ka shinshina da kanka. Wadda ta ɗauko man gyaɗa ko man ja, a wanke da ruwan zafi da sabulu a kife ta kwana biyu a rana, ta yi. Wadda ta ɗauko sinadarin masana'anta ko maganin feshi ko baƙin mai, ba wankin da ke fitar da shi daga jikin roba.

Wannan magana tana da nauyi a yankinmu fiye da wurare da yawa, saboda noman rani ba ya rabuwa da feshi, kuma kusan kowane gida akwai galan da robobin maganin ciyawa da na tsutsa da suka ƙare. Suna da kyau a ido, murfinsu na kamawa gam, sai ka ga an ɗauraye an zuba gishiri ko man girki ko ruwan sha na zuwa gona. Don Allah a daina. A huda gindinsu don kada wani ya tsinta ya yi amfani da su, a kawar da su nesa da yara da kanal. Haka buhun taki. Ya yi wa yashi da gawayi da takin gargajiya, ya yi wa ɓuntu, amma ba na garin tuwo ba ne.

Haka kuma zancen zuba wa abinci guba don a tsare shi. Fiya-fiya maganin feshi ne, ba a yi shi don a yayyafa wa waken da mutum zai ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da ta riƙa samu a cikinsa. Abin da Turawa suka mayar, mu ne muke dafa wa 'ya'yanmu irinsa. Ita kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, da zarar ta ji danshi hayaƙi take saki mai kisa, wanda ke ratsa buhu ya cika ɗaki. Aikin manyan sito ne da mutanen da aka horar, ba ta ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi ba ce. Wanda ke son ƙarin haske ya nemi malamin gona na KNARDA, ko ya leƙa ofishin Kano na cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilori. Kuɗin buhu mai riɓi uku ya fi na buhun saƙa nesa, gaskiya ne, amma idan an kula da shi yana yin kaka uku, kuma ba ka sayen magani.

Sai ɓangaren masu son iska. Albasa rai gare ta, numfashi take yi har ranar da za a yanka ta. Bayan cira a bar ta a inuwa da ganyenta har wuyanta ya bushe ya tsuke, don ta wuya ruɓa ke shiga. Buhun algarara ko na raga, irin wanda ake gani a kasuwar albasa ta Gundutse, na tafiya ne, ba na zama ba. Idan ajiya za a yi, a yi mata gado na itace da kara, sama da ƙasa, ƙarƙashin rufin ciyawa, a baza ta ba tudu ba, a riƙa bi duk mako ana tsince wadda ta yi laushi. Kwanon rufi kai tsaye a kanta a watan Afrilu dafa ta yake yi. Gyaɗa mai ɓawo da masarar da ba a tabbatar da bushewarta ba su ma algarara ce tasu. Idan aka toshe su da danshi, funfunar da ke kama su tana haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Tumatir kuwa ba a ajiye shi, sai dai a yi masa hanyar isa kasuwa lafiya. Kwandon da muka gada, wanda ke cika Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, yana da araha kuma iska na ratsa shi, amma ya yi zurfi, bakin saƙarsa na yanka, kuma idan aka ɗora wani a kan wani tumatirin ne ke ɗaukar nauyin. Kafin mota ta cinye kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, na ƙasa ya zama ruwa. Kwandon roba mai cin kilo 25 yana zama ne a kan kafaɗar ɗan'uwansa, kayan ciki ba abin da ya taɓa su, kuma ana wanke shi. Matsalarsa tsada da wahalar dawo da shi fanko daga Kudu, shi ya sa ƙungiya ta fi ɗaiɗaikun manoma iya riƙe shi. Duk da haka ina ba kowane gida shawara ya mallaki ko da biyu ko uku, don ranar tashi ba abin da ya kai su ɗaukar tangaran. Kauɗa kuma, wato busasshen tumatir, tsaka-tsaki take: da rani buhu ya ishe ta, amma kafin ruwan farko a sake shanya ta ta yi ƙarau a toshe ta cikin leda, in ba haka ba danshin damina zai baƙanta ta, darajarta ta faɗi.

Ko wane irin buhu ne, ƙasa da bango ba wurinsa ba ne. Buhun da aka jingina da katanga a lokacin marka lagwani ne a cikin kananzir, ja yake yi a hankali har ya jiƙe, sai ranar ɗagawa a tarar gindinsa ya yi baƙi ya tsiro. A jera bulo, a ɗora falanki ko itatuwa, a bar kamu guda tsakanin kaya da bango yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya ya ga kashin ɓera ko hanyar gara tun da wuri. Kuma kada a haɗa abinci ɗaki ɗaya da taki da fetur da maganin feshi. Shi kansa takin yuriya mayen danshi ne, buhun da aka buɗe a ɗaure ledarsa ta ciki da kyau, in ba haka ba ya narke ko ya dunƙule.

Yanzu ga mai tashi. Idan da hali a tsayar da rana cikin rani, don hanyoyin da ke bin gefen kanal zuwa ƙauyuka idan ruwa ya zauna ko a-kori-kura sai ta yi da gaske. Idan dole ce ta sa a tashi da damina, tamfol ne abin saye na farko, babba wanda zai rufe kaya ya sauko gefe, sai igiya mai kauri da robar da ake yankowa daga tsohon tib na taya, wadda ke riƙe kaya tana ba da kai idan mota ta faɗa rami.

Kwali abokin kwana ɗaya ne. Za ka samu na taliya da na madara da na sabulu wajen masu kanti da arha, ka zaɓi mai kauri wanda bai taɓa jiƙewa ba, ka buɗe gindinsa ka kakkaɓe don kyankyaso na son yin ƙwai a lungunsa, ka ƙarfafa shi da salatif. Abu mai nauyi a ƙaramin kwali, mara nauyi a babba. Littattafai cike da babban kwali ba mai ɗaga su sai gindin ya zube. Na sabulu kada a sa masa kayan abinci, ƙamshin ba ya fita. Da an isa a kwashe a fitar da shi, domin a ƙasa irin tamu kwali jan danshi yake, kuma gara ba ta da abincin da ya fi shi. Wanda za a adana shi ne na talabijin da firji da kayan wutar amarya, da farin abin nan mai laushi da ke cikinsu, a ɗora su can sama.

Jakar Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta daga korar baƙin haure ta 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, ita da bakko sun dace da tufafin sawa da zannuwan gado da labule da filo. Zif ɗinta ne rauninta, don haka kada a danna mata kaya har sai an hau kai, a kuma zagaye ta da igiya. Ba ta hana ruwa, ba ta hana ɓera. Tufafin ajiya, irin su atamfa da shadda da leshin lefe, akwatin ƙarfe ne nasu ko babbar roba mai murfi. Uwargida, ki tabbatar sun bushe sarai kafin ki ninke, kuma wanda zai daɗe kada ki sa masa sitati, don shi ke kiran asu da kyankyaso. Ki shimfiɗa tsohon zane a gindin akwatin saboda tsatsa, ki ɗora shi a kan katako. Idan za ki sa kafur ki ƙulle shi a ƙyalle, amma ki nisanta shi da kayan jarirai gaba ɗaya: akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani, ga kuma yaro mai rarrafe da zai ɗauka alewa ce. Busasshen ganyen darbejiya ya fi kwanciyar hankali. Idan hunturu ya shigo a fito da komai a baza ya sha iska yini guda. Takalman fata da jakunkuna da buzu da gafaka kuwa ba a ƙunshe su a leda, fari suke yi da funfuna. A naɗe su a ƙyallen auduga a rataye.

Kayan fashewa su suka fi cin lokaci, kuma a nan ne 'yan jere ke nuna gwaninta. Farantin tangaran a tsaye ake jera shi, gefe da gefe, kowanne da ƙyalle a tsakaninsa da na kusa. Idan aka kwantar da su aka ɗora, rami ɗaya zai tsaga na ƙasa. Kofuna a cusa musu tsumma a ciki. Idan an gama a girgiza mazubin kusa da kunne, in an ji ƙara a ƙara cusa tsumma har ya yi shiru. Samira da kwalla da kumbo a saka ƙarami cikin babba da ƙyalle tsakani don kada fenti ya ɓantare, murafe a ɗaure su wuri guda. Madubi da gilashin sif a tsaye, tsakanin katifu biyu. Randa da tulu da tukunyar ƙasa kuwa Allah ya hore mana abin da ya dace da su a ƙofar kowane injin casa: a zuba ɓuntun shinkafa a gindin kwando, a zaunar da randar, a cika gefe da cikinta da shi ko da karan shinkafa. Da an sauke a zubar, don ɓera na son sa. Kowane ƙunshi a rubuta abin da ke ciki a gefensa, ba a sama ba inda wani zai hau, a sa masa lamba, mutum ɗaya ya riƙe takarda yana ƙirgawa wajen lodi da wajen saukewa. Wannan ba zargin kowa ba ne, yana dai hana a kwana ana neman murfin kula.

Takardu ba sa shiga mota tare da kaya. Takardar gona da ta gida, rasit na kuɗin ruwa da duk wata shaida daga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ko ƙungiyar masu amfani da ruwa, katin ɗan ƙasa, takardun makarantar yara da katin rigakafinsu, a haɗa su a leda mai kauri, a saka cikin ƙaramar roba mai murfi, maigida ya riƙe a hannunsa. Kafin nan a ɗauki hoton kowace da waya a tura wa wani ɗan'uwa amintacce. A inda gona ke da daraja irin ta bakin kanal, takarda ɗaya da ruwa ya cinye tana iya zama shari'ar shekaru tsakanin 'yan'uwa. Alƙur'ani da littattafan addini su ma a naɗe su a zane mai tsabta, su zauna a sama, a gaban mota.

Injin ban-ruwa da janareta a tsiyaye musu fetur kafin a ɗora, a buɗe ƙasan famfon a zubar da ruwan da ya kwanta a ciki, a tsayar da su yadda suke zama don kada baƙin mai ya malale inda bai kamata ba. Tiyo a naɗe shi da faɗi, ba a karya shi. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure. Firji ma a tsaye, kuma idan an isa a bar shi ya huta wasu awoyi kafin a kunna. Goyon feshi a wanke shi, shi da ragowar magani su tafi a wani sawu dabam ko a can ƙarshen mota, nesa da buhunan abinci. Wajen lodi masu nauyi ne ke fara shiga su jingina da kan mota, buhuna da duro da gado, sannan akwatuna, sannan marasa nauyi a sama. Tabarma da buta da fitila da tukunya ɗaya da abincin dare su shiga ƙarshe don su fara fita.

Kafin a sauke buhu ko ɗaya a sabon gida, a riga kaya isa da bulo da falanki. A duba gindin bangon kowane ɗaki, wanda jirwayensa ya fi ƙasa shi ne na ajiya, ko da ba shi aka yi niyya ba. Idan sabon gini ne a bar tagogi a buɗe, don siminti da filasta suna daɗewa suna fitar da ruwa. Buhunan PICS da suka sha jijjiga a hanya a shafa jikinsu a duba ɗaurinsu. Wanda aka ga alamar ƙusa ko ƙarfe ya taɓa, a kwance a sake gwada ledar. Idan hudar ƙarama ce a liƙe ta da salatif ciki da waje, a mayar da ita ta zama ta biyu, mai lafiyar ta koma ciki. Idan ta yage sosai a sauya ta, tsohuwar kuma a yanka ta a shimfiɗa ƙarƙashin falanki.